Daga Gidan Talabijin Na Jos Zuwa Burumburum: Tarihin Wani Labarin Ban Tsoro

A watan Oktoba na shekarar 1913 babu wanda ya san talabijin, amma shekara ɗari daidai bayan nan, wato a Oktoban 2013, sai ga sunan Jos a bakin jaridun Ingila saboda wasu tsofaffin faya-fayen talabijin. Wani Bature mai suna Philip Morris, wanda sana'arsa ita ce bin ƙasashe yana binciken ɗakunan ajiya na gidajen talabijin, shi ya iske gwangwanayen fim a jibge bisa kanta a wani ɗaki a Jos. Da aka duba sai aka ga kashi tara ne na wasan nan na BBC mai suna Doctor Who, waɗanda masu shi suka daɗe da fid da rai da su. Dalili kuwa, a tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1978 BBC ta riƙa goge faya-fayenta tana sake ɗaukar wasu shirye-shirye a kai, don a ganinta wasan da aka riga aka nuna ba shi da sauran amfani. Cikin abin da ya tsira akwai kwafen da aka sayar wa ƙasashen waje, ciki har da Nijeriya. Kafin a yi wannan tsintuwa kashi 106 ne suka ɓace, bayanta suka koma 97.

To, ina ruwanmu da wasan Turawa a mujallar marubutan Hausa? Mai karatu ya yi mana haƙuri ya biyo mu, don hanyar da ta taso daga Jos zuwa Kano ta Saminaka ta kan ratsa Doguwa da dajin Falgore da Tudun Wada, ta faɗa titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, sa'an nan ta wuce ta gefen Bebeji. Ita za mu bi, amma sai mun fara buɗe gwangwanin.

Huɗu daga cikin kashi taran nan na wani labari ne mai suna The Web of Fear, wanda aka fara nunawa daga Fabrairu zuwa Maris 1968, kashi shida, Mervyn Haisman da Henry Lincoln suka rubuta, Douglas Camfield ya ba da umarni, Patrick Troughton kuma ya fito a matsayin Dokta. Labarin ya soma ne da dare a gidan wani tsoho mai tara kayan tarihi. A cikin kayansa akwai wani ƙaton dodo mai gashi da aka kawo daga duwatsun Tibet, irin wanda ake kira Yeti, an kafe shi a tsaye tamkar gunki. Wani farfesa ya zo ya roƙe shi ya mayar masa da abin, ya ce akwai hatsari, tsohon ya ƙi, don gani yake wayo za a yi masa a raba shi da dukiyarsa. A daren nan dodon ya motsa. Daga nan sai wani hazo ya lulluɓe birnin Landan, aka kwashe jama'a, wata irin yana mai kama da saƙar gizo-gizo ta riƙa cika ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, 'yan sojojin da suka rage kuma suka maƙale a wata maɓoya ta zamanin yaƙin Hitila a Goodge Street. Dodannin nan ashe butum-butumi ne, wani hankali marar jiki ne yake juya su, kuma a ƙarshe aka gane cewa wanda yake tona asirin sojojin wani saje ne da kowa ya amince da shi, gawarsa ce take yawo a cikinsu.

Irin wannan gini Turawa suna kiransa gotik. Asalinsa daga littafi ne, tun daga The Castle of Otranto na Horace Walpole a 1764, zuwa Frankenstein na Mary Shelley a 1818, da Dracula na Bram Stoker a 1897. Kayan haɗinsa ba su da yawa. Akwai tsohon wuri da mutane suka gada ba su san farkonsa ba, akwai wani abu a rufe da magabata suka hana a taɓa, akwai mai taurin kai da ya taɓa, sa'an nan akwai bashin da ya hau kan waɗanda ba su ci ba ba su sha ba. Masu shirya Doctor Who sun koma wa wannan tukunya sosai a tsakanin 1975 da 1977, zamanin Philip Hinchcliffe da Robert Holmes, har suka yi The Brain of Morbius a 1976, wanda kowa ya gani ya san jikan Frankenstein ne. Amma a ganinmu na 1968 ya fi su dabara ta wuri guda. Ba su kai dodon wata duniya mai nisa ba, sai suka sa shi a ramin jirgin da uban yaron da yake kallo yake shiga kullum safiya ya tafi aiki. Gobe yaron ya bi ta bakin tashar, ya leƙa duhun, gabansa ya faɗi.

Mu ma ai da haka muka fara. Dodon tatsuniya a rafin bayan gari yake, inda 'yan mata suke zuwa ɗiban ruwa, ko cikin kogon kuka, ko a hanyar kasuwa. Wanda ya duba Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya tattara aka buga daga 1911 zuwa 1913 zai ga haka. Kakar da take ba da labarin ba ta bukatar kwatance mai yawa, don jikokin sun san rafin.

Da rubutun zube ya kankama bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, sai abin tsoro ya fara ƙaura. A Ganɗoki na Bello Kagara, muddin jarumin yana ƙasar Hausa da Turawa yake faɗa, aljanu kuwa sai da ya yi nisa gabas sa'an nan suka bayyana. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da nasa aljanun, amma raha ta fi yawa, mun fi tuna Malam Zurƙe da mu tuna wani firgici. A 1969, shekara guda bayan The Web of Fear, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani baƙo daga sama ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya, kuma har yau da wuya a ambaci ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa ba a fara da shi ba. Sai dai shi mamaki ya sa a gaba. Daga baya da littattafan yaƙi da na aljanu suka cika kasuwa a shekarun 1990, kusan dukkansu a Misra ko Bagadaza ko birnin Sin ake gwabzawa, matsafa da 'ya'yan sarakuna duk sunayen Larabawa da Farisawa gare su. Tasirin Dare Dubu Da Ɗaya ne, ba mu musu, kuma mun karanta su mun ji daɗi. Amma ba mu taɓa rufe ɗaya daga cikinsu muka ji tsoron fita tsakar gida ba. Ina ruwan aljanin Bagadaza da mutumin Kiru?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, cikakken labarin gotik yana nan kwance a tarihinmu tun kafin a haifi Bram Stoker. A littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, akwai labarin Dirki. Wani abu ne a naɗe cikin fatu, Kanawa suka gada tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki, ana yanka masa shanu idan gari ya shiga wani hali, fata na hawa kan fata, har aka wayi gari babu mai iya cewa ga abin da yake ciki. Zamanin Sarki Muhammadu Alwali, wanda ya hau a 1781, aka yi yunwa da fitinu. Manyan gari suka nemi shanun Dirki, sarki ya hana. Bai tsaya nan ba, ya sa samari suka sare shi da gatura. Da suka kai tsakiya sai ga Alƙur'ani. Mutane suka yi masa baki cewa yadda ya fitar da abin da yake cikin Dirki haka za a fitar da shi daga garin. Masu jihadi suka ci Kano, Alwali ya yi kudu, aka cim masa a Burumburum aka kashe shi a 1807. Burumburum ɗin nan kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Tudun Wada.

A dubi yadda labarin yake da fuska biyu. Ta fuskar addini Alwali gaskiya gare shi, yanka ga ƙunshin fata ba ya halatta. Amma kuma shi ne ya sa gatari a kan Littafin Allah bai sani ba, waɗanda suka kore shi kuwa su ne masu yaƙi da irin abin da ya fasa. Wa ke nan ya yi laifi? Marubucin da ya zauna da wannan tambaya, ya bi sarki a darensa na ƙarshe a Burumburum, ko ya bi ɗaya daga cikin samarin nan masu gatari har tsufansa, ba ya bukatar ya ƙago aljani ko ɗaya. Wannan kuma amsa ce ga 'yan'uwanmu da suke gudun irin wannan rubutu don tsoron kada a ce suna tallata shirka. Tsoron yana cikin zuciyar mutanen labarin, marubuci bai ce Dirki yana da iko ba.

Idan muka ci gaba da bin hanyar, kusan kowane zango da nasa. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta iske Bebeji ta rufe ƙofa. Aka harba igwa, ƙofar ta tarwatse, sarkin garin yana cikin waɗanda suka mutu a wurin, ranar 3 ga wata kuma Kano ta faɗi. Littattafan tarihi layi biyu suke ba wannan rana su wuce.

A ƙasar Bebejin ne dai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Alherinta ba ya ɓoyuwa, duk tumatir da shinkafa da alkamar Kadawa da Kura daga gare ta ne. Amma ruwan da ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178 ba a kan fako ya kwanta ba. An tashi dubban mutane, ruwa ya hau kan gidaje da rijiyoyi da masallatai da makabartu. Masunci yana jefa komarsa, a ƙarƙashin kwalekwalensa akwai kushewar kakan wani. Walpole sai da ya ƙagi kangon fada kafin ya sami wurin ajiye labarinsa, mu kuwa ga kufai a ƙarƙashin ruwa, kuma masu shi suna nan da ransu.

Falgore ba sai mun yi dogon bayani ba. Duk direban da ya saba da hanyar Jos ya san yadda mota takan yi tsit idan aka shiga dajin da yamma. Gandun daji ne tun zamanin Turawa, daga baya ya zama na namun daji, sa'an nan ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da shi maɓoya, har a 2017 sojoji suka kafa filin atisaye a ciki. A nan abin tsoron mutum ne ɗan'uwanka, kuma wannan ya fi kowane dodo wuyar rubutawa.

Mu dai Riruwai ta ƙasar Doguwa ta fi tsaya mana a rai, don ita ce ta fi kama da ramukan Landan. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wurin suke narka kuza, fatake suna ɗauka. Turawa suka zo da kamfanoninsu, daga baya aka haƙa rami mai zurfi aka bi jijiyar dutse ta ƙarƙashin ƙasa, garin ya cika da leburori daga ko'ina. A shekarun 1980 aiki ya tsaya, kasuwar kuza ta duniya ma ta karye a 1985. Aka bar ramuka da tsofaffin injuna da gidajen ma'aikata. Ga duhu, ga ruwa na ɗiga, ga ƙarfen da ba wanda ya san amfaninsa sai wanda ya mutu. Ɗan kimiyyar da labari yake bukata ma yana nan, tunda duwatsun wurin ba kuza kaɗai suke ɗauke da ita ba.

Sai dai akwai wani rami da muke jin tsoron matasanmu su faɗa. A wannan yanki akwai Maguzawa da wasu ƙananan ƙabilu, kuma abu mafi sauƙi ga malalacin marubuci shi ne ya ɗauko maƙwabcinsa ya sa masa jan ƙyalle ya ce ga matsafin labari. Turawan ma sun yi wannan kuskure, don labarin The Talons of Weng-Chiang na 1977, duk da yabon da yake sha, har yau ana sukarsa kan yadda ya nuna Sinawa. The Web of Fear bai bi nan ba, mugun yana sanye da kakin da sauran suke sanye da shi, tare suke shan shayi.

Kashi na uku na labarin ba ya cikin abin da ya isa Landan daga Jos. Morris ya ce ya gan shi a kan kantar, amma kafin a kwaso kayan ya yi ɓatan dabo, sai a 2021 aka zana shi da hoton kwamfuta aka ɗora a kan sautin da wasu masu kallo suka naɗa a gidajensu a 1968. Su ke nan sun sami mai naɗa musu. Yaron da aka ɗora bisa kaya a bayan akori-kura ranar da aka tashe su daga bakin Kogin Kano, in yana da shekara goma a lokacin, yanzu ya haura sittin. Ya san sunan garinsu, ya san inda kukar take da abin da aka ce yana cikinta, kuma daga Kano zuwa ƙofar gidansa tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce.