Filin Ƙofar Mata: An Gina wa Baƙi, Masu Gida Suka Raya

Mutanen da sun san Ƙofar Mata ta Kano da abu uku: karofin marina, filin Idi, da asibitin Murtala. Filin wasa na Sani Abacha shi ne autansu, don sai a 1998 aka buɗe shi. Amma yau in ka tari mai adaidaita ran Lahadi da yamma ka ce masa Ƙofar Mata, ba zai tambaye ka ko rini za ka kai ba. Ya san ƙwallo za ka kalla.

Kafin a gina shi, ƙwallon Kano a Sabon Gari take. A can aka yi zamanin Raccah Rovers, waɗanda suka ɗauki kofin gasar ƙasa a 1978. A 1990 aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars. Ke nan Kanawa na da ƙungiya, suna da 'yan kallo, tun kafin a aza harsashin sabon fili. Abin da ya kawo ginin daga waje ya zo.

Hukumar FIFA ta ba Najeriya karɓar gasar matasa ta duniya, ta 'yan ƙasa da shekara 20, a 1995. Ana dab da farawa ta janye, ta kafa hujja da fargabar annoba irin su sanƙarau, ta kai gasar Ƙatar. Abin ya yi wa gwamnatin soja ta lokacin ciwo ƙwarai. Da aka sake ba mu ta 1999, sai aka duƙufa gyara filaye da gina sababbi a birane takwas: Legas, Ibadan, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Kaduna, Bauchi da Kano. Janar Sani Abacha, wanda filin ke ɗauke da sunansa, bai ga ko bugun farko ba. Ya rasu ran 8 ga Yuni, 1998, aka yi gasar a Afrilun shekarar da ta biyo.

Lokacin ina zaune wajen kawuna a Fagge, kuma na samu shiga ranar da Najeriya ta kara da Ayalan a zagaye na biyu. Bazara ce tsagwaronta. Simintin da muke zaune a kai ya ɗau zafi har sai mutum ya shimfiɗa kwali, masu ruwan leda kuwa kafin su hau matakala uku bokiti ya ƙare. Yaran Turawan nan fuskokinsu sun yi jawur, ana ta kwara musu ruwa a ka, amma su suka fara zura mana ƙwallo. Fili ya yi tsit, ka ji wani dattijo a bayana yana ta hailala. Da aka farke, wanda ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi ƙasa. An tashi ɗaya da ɗaya, muka tsallake a bugun fanareti. Cikin waɗanda muka yi wa ihu ran nan akwai Robbie Keane da Damien Duff, waɗanda daga baya muka riƙa biyan kuɗi a gidan kallo don mu gan su a gasar Ingila. Murnarmu ba ta daɗe ba, Mali ta fitar da mu a zagaye na gaba, Sifaniya ta su Xavi ta ɗauki kofin bayan ta lallasa Japan da ci 4 ba ko ɗaya a Legas.

Baƙi sun sake dawowa sau biyu. A 2000, da Najeriya da Gana suka haɗa hannu wajen karɓar gasar cin kofin Afirka, rukunin Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso a Kano ya zauna. A 2009 aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Sifaniya da Amurka suka buga a Ƙofar Mata, fitilun fili suka ɗauke ana tsakiyar wasa, duniya tana kallo. A wannan gasar ce Suwizalan ta doke mu a wasan ƙarshe da ci ɗaya mai ban haushi a Abuja.

In ka tattara kwanakin gasannin nan uku a Kano, makonni ne kawai. Sauran shekarun duka na Pillars ne da magoya bayanta, masu kirarin "Sai masu gida!" Fili mai cin mutum wajen 16,000 yakan cika ya batse tun kafin la'asar, da 'yan Kurmi da 'yan Kwari da masu faci da ɗalibai. Da wannan goyon baya ƙungiyar ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, wasa sama da 200, sai a Agustan 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Ahmed Musa da rigar Pillars ya zura ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai, Rabi'u Ali kuwa, wanda ake kira Pele, a nan ya yi suna har ya manyanta yana taka leda.

Zafin son nan yana da nasa aibun. An sha cin ƙungiyar tara, an sha korar ta zuwa wani gari ko hana 'yan kallo shiga saboda jifa da far wa alƙalin wasa. A 2020 annobar korona ta mai da harabar filin wurin killace marasa lafiya. A 2022 Pillars ta faɗa rukuni na ƙasa, ta dawo bayan shekara guda. Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba.

Yau a Kwamba ta Suleja nake, ina horar da yara a filin da ba ciyawa, sai jar ƙasa da tsakuwa, turakun raga na katako, layi kuma da toka muke ja. Kullum sai wani uba ya ce mini da gwamnati za ta gina mana katafaren fili irin na Kano da yaranmu sun yi nisa. Nakan ce masa, Alhaji, ka duba filaye nawa aka gyara a 1999 da 2009, ka ga nawa ne ciyawa ta cinye bayan baƙi sun tafi. Na Ƙofar Mata ya rayu ne don an tarar da ƙungiya da jama'arta a ƙasa, suna da abin da zai kawo su kowane mako. Abin da Suleja ke buƙata da farko shi ne gasar unguwanni da ta makarantu wadda ba ta yankewa, da alƙalan wasa da ake biya, da fili ko na ƙasa ne wanda ba za a yanka shi filotai a sayar ba. In aka samu wannan na shekara goma, ko ba a roƙi kowa ba, yawan 'yan kallo zai tilasta a gina musu wurin zama.