Tarihin Tabar Wiwi a Nijeriya: Daga Yaƙin Bama Zuwa Irin Kwana Saba'in

'Yan uwa mazauna Abuja da kewaye, na Zuba da Dei-Dei da Gwagwa da Mararraba, har da waɗanda ke biye da mu daga gida. Yau zan yi tsokaci ne kan wani abu da dattawanmu ba su son a ambata a gaban yara, wato tabar wiwi. Dalili kuwa shi ne magana ta yi yawa a tsakanin samarin kasuwa kan wani iri da ake tallarsa a intanet, wanda ake kira otofulawa, wai cikin kwana saba'in ya nuna an girbe. Ni ɗan kasuwa ne, a kasuwa na tashi a gaban mahaifina, karatuna kuma na sakandare ne. To amma abin da aka fara koya mana a rumfa shi ne, kafin ka taya kaya ka tambayi inda aka saro su, da abin da ya sami waɗanda suka riga ka saye. Don haka bari mu koma baya.

Asalinta

Wannan shuka 'yar tsakiyar nahiyar Asiya ce. Mutanen Sin sun shafe dubban shekaru suna yin igiya da tufa da ɓawonta, kamar yadda muke yi da rama, a Indiya kuma aka fi saninta da sa maye. Daga nan ta shiga ƙasashen Larabawa da sunan hashish, ta yi ƙarfi a Masar a ƙarni na 13, har sai da malamai suka tashi a kanta. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi fatawar haramcinta, Imam Zarkashi kuma, wanda ya rasu a 1392, ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Ta hanyar fatauci ta sauka gabashin Afirka. A Habasha an tono lofe na ƙarni na 14 da ke ɗauke da ɓurɓushinta.

Afirka ta Yamma kuwa a makare ta iso. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sun yi safarar goro da kanwa da gishiri da fatu da taba, amma wiwi ba ta cikin hajarsu. A Nijeriya sai bayan yaƙin duniya na biyu ta bayyana sosai. A 1943 da 1944 Turawan Ingila sun kwashi rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma, runduna ta 81 da ta 82, suka kai su Indiya, daga can suka shiga yaƙin Bama. 'Yan Arewa na da yawa a cikinsu. Likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Aro da ke Abeokuta, musamman Dokta Tolani Asuni a rubutunsa na 1964, sun danganta yaɗuwar tabar da dawowar waɗannan sojoji, da kuma ma'aikatan jirgin ruwa da ke sauka a Ikko.

Doka da ganye

Idan mai karatu ya lura, doka ta riga ganyen yin ƙarfi a nan. A taron Janeba na 1925, wakilin Masar ne ya matsa har aka sa wiwi cikin jerin kayan mayen da duniya za ta sa wa ido, kuma a 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar miyagun ƙwayoyi a Nijeriya. Amma babbar guduma ta sauka ne a 1966, zamanin Janar Aguiyi-Ironsi, da doka ta 19 ta wannan shekara: wanda ya noma wiwi, kisa ne ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba, wanda aka kama da ita, shekara 10. A ƙarƙashin wannan doka ne 'yan sanda suka kama mawaƙi Fela Kuti a Ikko a 1974.

A 1975 aka cire hukuncin kisa, aka rage shekarun ɗauri. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake tsaurarawa, har a 1985 aka harbe mutum uku a Ikko kan safarar miyagun ƙwayoyi. Sannan a watan Disambar 1989 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar NDLEA da doka ta 48. Dokar hukumar ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai nomawa ko sarrafawa, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da kaya a hannunsa. Akwai kuma sashen da ya kama mai gida ko mai kula da gidan da ya bari ana ajiya ko ciniki a ciki.

Daji da hanya

Duk da wannan tsanani, noman bai tsaya ba, domin kuɗi na bayansa. A 1986 aka shigo da shirin SAP, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, farashin koko kuma ya faɗi a kasuwar duniya a ƙarshen shekarun 1980. Manoma da yawa a Kudu suka kutsa cikin gandayen dajin gwamnati suna sare itatuwa suna shuka wiwi. Shi ya sa jihohin Ondo da Edo da Delta da Ekiti da Osun suka yi suna a kai, kuma duk shekara za ka ji NDLEA ta ƙona gonaki a can.

Ga inda abin ya shafe mu. Kayan da aka noma a waɗancan dazuzzuka, idan za su yi Arewa, babbar hanyarsu ita ce ta Okene zuwa Lokoja, ta biyo Abaji da Kwali da Gwagwalada, ta faɗo Zuba, sannan ta miƙe Kaduna da Kano. Wannan ita ce hanyar da motocinmu ke bi idan sun sauke shanu da albasa da tumatir a Kudu za su juyo. Direban da ke neman lodin dawowa shi ake fara yi wa tayi, kuma idan aka tare mota a shingen Abaji, direba da ƙaren mota ake saukewa, mai kaya kuwa yana can kwance a gidansa. Ko a bakin mahaifina na sha jin yana gargaɗin direbobi cewa kada su ɗauki buhun da ba a kwance bakinsa a gabansu ba.

Masu sha kuma ba kaɗan ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na shekarar 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha.

Iri mai agogo a ciki

Yanzu mu zo kan sabon irin. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ya san bambancin gero da dawa. Gero kwanansa yake ƙirgawa. Ka shuka da ruwan farko, cikin wata uku ana gasa tumu. Dawar gargajiya kuwa, irin su ƙaura da farafara, da kuma maiwa, ko ka shuka da wuri ko ka ɗan makara, ba za su fid da kai ba sai damina ta kusa ɗaukewa. Manomanmu sun san haka tun kaka da kakanni, amma sai a 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana dalilin: akwai tsirran da ke auna tsawon yini da dare kafin su yi fure.

Wiwi ta asali halin dawa gare ta. A ƙasashen sanyi, wadda ta tsiro a watan Afrilu ko Mayu sai ta jira dare ya fara tsawo, ba ta nuna sai wajen Oktoba. To a 1924 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Janischewsky, ya bayyana wata gajeriyar wiwi ta daji a yankin kogin Bolga, ya sa mata suna ruderalis. Da yake lokacin ɗuminsu gajere ne, ita ba ta jiran dare. Da ta kai 'yan makonni sai ta yi fure, kamar gero. Ba ta da ƙarfin maye, don haka an daɗe ba a kula ta ba. Daga baya masu haɗa iri a Turai da Amurka ta Arewa suka aurar da ita da masu ƙarfi, kuma a farkon shekarun 2000 wani iri mai suna Lowryder ya shiga kasuwa. Jikokinsa ne ake tallarsu yau. Yawancinsu ba su wuce mita guda a tsawo, suna fara fure cikin mako uku zuwa huɗu, suna gama rayuwarsu cikin mako 8 zuwa 12. Ashe zancen kwana saba'in yana da tushe.

Ita wannan dabara ta gajarta kwanan shuka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Cibiyar IITA, wadda ke da reshe a Kano, ta fito da waken kwana sittin tun shekarun 1980, kuma Dokta B. B. Singh da ya jagoranci aikin ya daɗe a Kano. Ilimi ɗaya ne: wani ya cika rumbu da shi, wani ya cika kurkuku.

Lissafin ɗan kasuwa

Abin da nake so 'yan uwana su gane shi ne, wannan iri ya ɗauko haɗarin daga dajin Ondo ya kawo shi ɗakin haya. A da sai mai gona a cikin surƙuƙin daji; yanzu ana ruɗar yaro cewa bayan ɗakinsa ma ya isa. Amma mu a nan yaya muke zaune? Gida ɗaya, ɗaki goma, magidanta shida, banɗaki ɗaya. Warin wiwi kuwa ba ya ɓuya. Ranar da aka zo kame, kowa a gidan zai amsa tambaya, har da mai gidan da ya ba da haya saboda mutuncin uban yaro.

Masu talla kan ce ai duniya ta canza. Gaskiya ne Lesotho ta fara ba da lasisin noma don magani a 2017, Kanada ta halatta a 2018, Maroko ta yi dokar noma don magani da masana'antu a 2021. A nan gida ma marigayi Rotimi Akeredolu, gwamnan Ondo, ya je Tailan a 2019 ya dawo yana kira a halatta noman don magani. Amma kiran bai zama doka ba. A Disambar 2020, da aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya kan sassauta matsayin wiwi, ƙasashe 27 suka yarda, 25 suka ƙi, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. A 2021 aka naɗa Janar Buba Marwa shugaban NDLEA, kame ya ƙaru. A watan Mayun 2024 ma Majalisar Dattawa, a nan Abuja, ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan hukuncin kisa ga masu safara. Wanda ya sayar maka da iri yana zaune ne a ƙasar da doka ta ƙyale shi. Kai kuma kotun da ke Abuja za ka gurfana.

Sannan mu tuna matsayinmu. Tun da aka yi dokar kafa wannan birni a 1976, aka kuma dawo da gwamnati a 12 ga Disambar 1991, yawancinmu a gefen gari muke, a unguwannin da ba su da cikakkun takardu. Waɗanda suka ga rusau na 2003 zuwa 2007 sun san yadda katafila ke shiga unguwa. Kuma duk lokacin da za a tashi unguwar talakawa, cikin abin da ake fara faɗa akwai cewa ta zama matattarar 'yan ƙwaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Jarin Bahaushe a baƙon wuri amana ce. Da ita ake ba mu kaya bashi a Dei-Dei, da ita ake ba mu rumfa da ɗaki.

Kammalawa

A taƙaice dai, cikin shekara kusan tamanin da wannan ganye ya yi a ƙasar nan, kwanan nunarsa ya ragu daga watanni zuwa mako goma, amma shekarun da doka ke yankewa suna nan a goma sha biyar zuwa sama. Duk ɗan kasuwar da ya iya lissafi zai ga cewa cinikin nan faɗuwa ce tun kafin a taya. Ina kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da shugabannin kasuwa da limamanmu su riƙa yin wannan magana a fili, domin yaran sun riga sun gani a waya. Wanda kuma yake da ƙani ko yaron shago da ya fara sha, ya nema masa magani a asibiti tun da wuri, kada kunya ta hana.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa albarka a nemanmu.