Kula da Na'urar Sanyaya Mota da Gwajin Yoyon Gas

Na'urar sanyaya mota, wadda muka fi sani da esi, tana aiki ne da gas mai zagayawa cikin rufaffun bututai. Kwamfiresa ke matsa shi, kwandensa da ke gaban lagireto ta fitar da zafinsa, sannan ya sanyaya iskar cikin mota. Wannan gas ba ya ƙonewa kamar fetur. Saboda haka idan ya ragu sosai, lallai akwai inda yake yoyo.

Muna jan hankalin direbobi da kada su yarda a ƙara gas ba tare da gwaji ba. Man kwamfiresa tare da gas yake zagayawa; idan suka tsiyaye, kwamfiresa na iya lalacewa.

Hanyoyin gwaji su ne:

1. Neman alamar maiƙo a jikin tiyo da mahaɗai.
2. Ɗura iskar naitirojin, a shafa ruwan sabulu, a nemi kumfa. Kada a kuskura a ɗura oksijin, domin yana haddasa fashewa.
3. Zuba rini na musamman, a haska da fitilar UV.
4. Zuƙe iska da famfo, a lura ko allurar ma'auni za ta motsa.

Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da gas na R-12 saboda illarsa ga sararin samaniya. R-134a ya maye gurbinsa, sababbin motoci da dama kuma na amfani da R-1234yf. Kada a gauraya su. A bi abin da aka rubuta a ƙarƙashin murfin inji.

Haka kuma, muna ba da shawarar wanke ƙurar hunturu daga kwandensa kafin bazara.