Asalin Sujadar Daren Sabuwar Shekara

Kwana a majami'a ran 31 ga Disamba tsohuwar al'ada ce ta masu bi na Morabiya a garin Herrnhut, ƙasar Jamus. John Wesley ya ziyarce su a 1738. Wajen 1740, a Kingswood kusa da Bristol ta Ingila, waɗansu masu haƙar kwal da suka tuba suka daina kwana a gidan giya, suka koma kwana cikin addu'a da waƙoƙin yabo. Wesley ya karɓi abin, ya shigar da shi cikin jama'ar Metodis. A 1755 kuma ya fara sujadar sabunta alkawari a Landan, daga baya aka mai da ita farkon shekara.

Ran 1 ga Janairu 1835 Joseph Dunwell, ɗan mishan na Metodis, ya sauka Cape Coast, cikin Ghana ta yau. Bai cika wata shida ba ya rasu, amma ikilisiya ta kafu, sujadar kuwa ta bi ta.

Tushen wannan dare tuba ne. Wanda ya kwana yana waƙa, ya wayi gari da tsohon halinsa, bai sami abin da mutanen Kingswood suka samu ba.