Daga Baran Sarki Zuwa Ma'aikacin Gwamnati

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa take da masu riƙe da muƙamai, malaman jihadi kuma ba su bar wannan babi ba sai da suka yi masa sharhi, gama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙi, da ƙanensa Malam Abdullahi a cikin Liya'ul Hukkami da ya wallafa a Kano, sun bayyana abin da ya wajaba ga waziri da alƙali da mai karɓar haraji, suka kuma yi hani mai tsanani ga cin rashawa da zaluntar talakawa. Abin da babu a wancan zamani shi ne albashi ƙayyadadde. Hakimi yana zaune a birni, jakadansa yana zaga ƙauyuka yana tara haraji, kowa yana cirar rabonsa kafin saura ya isa fada, har ya zamana wadatar bara da tsiyarsa duk sun rataya ga yardar ubangidansa.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya ga ba shi da mutane ko dukiyar da zai riƙe ƙasa mai faɗi haka, sai ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna. Aka fitar da hakimai daga birane zuwa gundumominsu, aka kau da jakadu, sa'an nan aka kafa baitulmali, wanda aka fara a Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko da shawarar Baturen mulki Palmer, kafin ya bazu zuwa sauran manyan masarautu. A ganina nan ne asalin ma'aikaci kamar yadda muka san shi a yau, domin daga ranar da aka rubuta wa sarki da alƙali da dogari abin da kowannensu zai karɓa a ƙarshen wata, aka kuma tilasta wa ma'aji ya riƙe littafin shiga da fita, daga ranar ce dukiyar jama'a ta fara rabuwa da aljihun mai mulki, ko da yake rabuwar ta daɗe ba ta kammala ba.

A zamanin Turawa aiki ya kasu kashi biyu: na Gwamnati da na En'e, wato hukumar sarakuna. Na Gwamnati yana hannun Razdan da Di'o, akawunansu kuwa galibi mutanen Kudu ne. Na En'e kuma yana hannun 'yan ƙasa, waɗanda makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, ta 1909, da Kwalejin Katsina, ta 1922, suka fara yayewa. Amma a En'e ɗaukar mutum da ƙarin girmansa da korarsa ba su fita daga ikon fada ba, wannan yana cikin abin da ya sa Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a 1950 ya nemi a yi wa tsarin gyara.

Babban sauyi ya zo a 1954, sa'ad da aka ba kowace jiha tata ma'aikatar da Hukumar Ma'aikata mai kula da ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, da ya tarar 'yan Arewa ba su da yawa a manyan kujeru, sai ya ɗauki manufar fifita ɗan Arewa in ya cancanta, in kuwa ba a same shi ba a ɗauki Bature na ɗan lokaci, aka kuma duƙufa horar da matasa a makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya. Ba shakka wannan manufa ta ƙuntata wa ma'aikatan Kudu da yawa, adalci ne a faɗi haka. Amma ita ce ta haifar da irin su Malam Ali Aƙilu, wanda ya zama Sakataren Firimiya. Ƙarfin ma'aikacin wannan zamani shi ne yaƙinin da yake da shi cewa muddin bai ci amana ba, babu ministan da zai raba shi da aikinsa ko fanshonsa don ya faɗi gaskiya.

Bayan an rarraba jihohi a 1967, Hukumar Udoji ta 1974 ta jera ma'aikata a matakai 17 ta kuma ƙara albashi. Sai 1975 ta zo, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami fiye da mutum 10,000 nan take, da yawansu ba tare da an saurari hujjarsu ba. Niyyar tsarkake aiki ce, akwai kuma masu laifi a cikinsu, amma hukunci ba da bincike ba ya koya wa waɗanda suka saura cewa riƙon amana ba ya tsare kowa, sai wasu suka shiga tanadin ranar kora tun suna kan kujera. Dokar 1988 ta zamanin Babangida ta ƙara dagula al'amari da ta ɗaure manyan sakatarori ga gwamnatin da ta naɗa su, har sai da kwamitin Ayida ya ba da shawarar warware ta. An warware dokar, amma natsuwar da ma'aikaci ya rasa a 1975 ba ta komo ba har yau.