Daga Gudumar Masu Liƙe Jirgi Zuwa Bindigar Batir: Tarihin Kayan Aiki da Darasin Tsare Rai

Duk wanda ya yi tafakkuri a kan tarihin sana'o'in hannu zai tarar cewa, tun daga zamanin da ɗan Adam ya fara sassaƙa itace da ƙera ƙarfe har zuwa wajen ƙarshen ƙarni na 19, ƙarfin kayan aikin da ake riƙewa a hannu bai taɓa wuce ƙarfin damtsen mai riƙe da shi ba. In masassaƙi ya gaji, gizagonsa ya tsaya. In kafinta ya ɗaga hannu, zartonsa ya yi shiru. Kuma ko da an yi kuskure, raunin yakan tsaya ne daidai gwargwadon ƙarfin da aka sa wajen sara. Wannan daidaito da ya daɗe tsakanin mutum da makamin aikinsa shi ne abin da wutar lantarki ta zo ta rushe, domin ta sanya wa hannun yaro ƙarfin da ƙato ba shi da shi, alhali kuwa fatar ɗan Adam da ƙashinsa da idonsa suna nan yadda Allah Ya halicce su, ba su ƙara kauri ba. A duk tsawon wannan tarihi ƙarfi ne ke fara zuwa, kariya kuma ta biyo baya, sau da yawa bayan an zubar da jini mai yawa.

Ya kyautu mu soma da wata tsohuwar sana'a wadda ba a cika ambatonta ba, wato sana'ar toshe kafofin jiragen ruwa. A tashoshin jiragen Turai da Amurka, lokacin da jirage duka na katako ne, akwai ma'abota sana'a na musamman waɗanda aikinsu shi ne su warware tsofaffin igiyoyi, su jiƙa zarensu da kwalta, su cusa shi tsakanin katako da katako da wani ƙarfe mai faɗin baki suna bugunsa da gudumar itace, sa'an nan su bi da narkakkiyar kwalta su rufe, domin kuwa kafa ɗaya da aka yi sakaci da ita tana iya halaka jirgi da duk wanda ke cikinsa. A cikin waɗanda suka yi wannan aiki har da Frederick Douglass, wanda ya koyi sana'ar a birnin Baltimore yana bawa, kafin ya tsere a 1838 ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaƙi da bauta a Amurka. Masu gini ma suna da irin wannan buƙata, ta liƙe tsakanin gilashi da katakon taga don kada ruwa da sanyi su shiga, kuma da yatsa da wuƙa suke yi, har zuwa 1894 lokacin da wani mutum mai suna Theodore Witte, mazaunin yammacin Kanada, ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira a kan wata na'urar hannu mai tura danƙo ta siririn baki. Wannan ita ce kakar bindigar matsa gam da ake gani yau a hannun masu sa tagogin alminiyam da masu haɗa famfo, musamman tun da danƙon silikon ya yawaita bayan yaƙin duniya na biyu.

A daidai zamanin Witte ne kuma lantarki ya fara shiga hannun ma'aikata. A 1889, a birnin Melbourne na Ostareliya, Arthur James Arnot da William Blanch Brain suka yi rajistar injin huda mai aiki da lantarki, sai dai nasu babba ne, an yi shi don huda dutse da kwal a ma'adinai. Kamfanin Fein da ke Stuttgart a ƙasar Jamus shi ne ya fitar da irin wanda mutum zai iya ɗauka a 1895, ga shi da nauyin da ya kai wajen kilo 7 da rabi, sai an kama shi da hannu biyu an danna da ƙirji. Sa'an nan a Baltimore, garin da Douglass ya buga gudumarsa, wasu abokai biyu, Duncan Black da Alonzo Decker, waɗanda suka buɗe ƙaramin shagonsu a 1910, suka sami takardar haƙƙi a 1917 a kan injin huda mai mariƙi irin na ƙaramar bindiga da kunamar da ake ja da yatsa. Hikimar wannan siga ita ce ma'aikaci yana iya kunnawa da kashewa ba tare da ya saki mariƙi ko ya ɗauke ido daga aikinsa ba, kuma saboda dacewarta har yau ba a sami wadda ta maye gurbinta ba. Bayan haka sai abubuwa suka yi ta biyo juna: zarton hannu mai kewayawa wanda Edmond Michel ya ƙirƙiro, aka kafa kamfani dominsa a 1924; da injin gurza ƙarfe mai gudun gaske wanda kamfanin Ackermann da Schmitt na Jamus ya fitar a 1954; kuma tun 1946 Black & Decker suka fara sayar da injin huda don amfanin magidanta, ta haka kayan da a da sai gwani ke taɓawa suka shiga hannun wanda bai taɓa zama gaban wani malamin sana'a ba.

Fa'idar waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire a fili take, ba ta buƙatar hujja. Illarsu ce ta ɗauki lokaci kafin a yarda da ita. A 1918 wata likita Ba'amurkiya mai suna Alice Hamilton ta je garin Bedford a jihar Indiana, inda masu sassaƙa dutse ke aiki da guduma mai ƙarfin iska, ta tarar da yawa daga cikinsu yatsunsu kan yi fari fat su mutu, musamman da sanyin safiya, ta kuma bayyana cewa karkarwar injin da tsananin riƙo da sanyi su ne sababi. Abin da ya fi wannan muni ya auku tun daga 1930 a jihar West Virginia, wurin haƙa ramin ruwa na Hawk's Nest, inda aka sa leburori, mafi yawansu baƙaƙen fata matalauta, su huda dutse mai yawan sinadarin silika a bushe, ba ruwan kwantar da ƙura, ba abin rufe hanci. Ƙurar ta cika musu huhu, ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan shekaru kaɗan, har majalisar dokokin ƙasar ta zauna bincike a 1936. Abin takaici a cikin wannan musiba shi ne an riga an san cewa zuba ruwa a bakin injin yana kwantar da ƙura. Abin da aka rasa shi ne ganin darajar ran talaka.

Ita kanta wutar lantarkin ta ci nata rabon. Injinan farko jikinsu na ƙarfe ne, saboda haka in waya ta goge a ciki ta taɓa jikin injin, ga mutum tsaye a kan danshi ko bisa tsanin ƙarfe, sai wuta ta bi ta jikinsa ta tafi ƙasa, kuma tana damƙe tsokar hannu har ya kasa saki. An magance wannan da hanyoyi uku: waya ta uku mai kai wutar da ta ɓalle ƙasa, da rufi biyu da jikin roba, wanda alamarsa ita ce ɗan murabba'i a cikin wani murabba'i da ake bugawa a jikin injin, da kuma na'urar da ke yanke wuta nan take in ta ji ta fara zurara, wadda Charles Dalziel, malami a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya ƙirƙiro irinta a 1961 bayan ya daɗe yana binciken yadda lantarki ke aiki a jikin mutum. Hukumomi ma suka farka, Amurka ta yi dokar tsaron lafiyar ma'aikata a 1970, Birtaniya ta yi tata a 1974. Har a 1999 ba a gama ba, domin a shekarar ne Steve Gass ya ƙirƙiro zarton tebur mai gane taɓawar fatar mutum, wanda kan tsai da kaifinsa kafin ƙiftawar ido, bayan tsararraki na kafintoci sun riga sun rasa yatsunsu.

Rabuwa da waya ita ce mataki na gaba. Black & Decker suka fitar da injin huda mai batir a 1961, kuma su ne suka yi aiki a kan injin da 'yan sama jannatin Apollo 15 suka huda ƙasar wata da shi a 1971. Batiran farko masu nauyi ne, ba sa daɗewa, sai da batirin lithiyam ya shigo, kamfanin Bosch ya sa shi a wani ɗan injin ɗaure kusa a 2003, kamfanin Milwaukee ya sa shi a manyan injina a 2005, daga nan kusan kowane makamin aiki ya sami irinsa marar waya, har da bindigar matsa gam. Lalle wannan ni'ima ce, domin ta kawar da tuntuɓe da waya, da yanke ta bisa kuskure, da mafi yawan haɗarin jan lantarki. Amma ta zo da wata gafala sabuwa wadda ya wajaba a fahimta: a da, duk wanda ya ga an zare filogi daga bango ya san injin ya mutu, yana iya canja masa baki hankali kwance; shi kuwa injin batir, muddin batirinsa na jikinsa, a raye yake, ko yana cikin jaka, ko yana hannun yaro, kuma shirunsa ba shaida ba ce ta aminci.

Bindigar matsa gam mai batir misali ce mai kyau a wannan babi, saboda ba ta da kaifi, ba ta da ƙara, ba ta tartsatsi, don haka ake raina ta. Alhali sandar da ke tura danƙon, a wasu samfura, ƙarfin turinta ya haura na kilo 400, kuma ba ta bambance kwalin gam da yatsan da ya shiga gabanta. Ƙa'idar amfani da ita ita ce a cire batir ko a kulle kunama kafin a sa sabon kwali ko a goge ta. A yanke bakin kwalin a huda rufinsa na ciki sosai, domin in hanya ta toshe injin zai ci gaba da turi har kwalin ya fashe. A fara da ƙaramin gudu. Kada a juya bakinta wajen fuska don duba abin da ya hana ta zuba. A sa tabarau na aiki, domin danƙon in ya faɗa ido azaba ne. Sa'an nan a buɗe tagogi, saboda wani silikon yana fitar da tururi mai tsami mai hawa hanci, wasu nau'o'in gam kuma suna ɗauke da sinadaran da kan jawo ciwon asma ga mai yawan shaƙarsu. Wanda kuma ke aiki bisa tsani ya tuna cewa sauƙin riƙe ta da hannu ɗaya shi ne ke jan mutum ya miƙa jiki fiye da kima har ya faɗo.

Sauran injinan ma hukuncinsu ɗaya ne, ko da yake haɗarinsu ya fi girma. Faifan injin gurza ƙarfe na ƙaramin samfuri yana juyawa sama da sau 10,000 a minti ɗaya, saboda haka in ya fashe gutsattsarinsa kan fita da ƙarfin da zai huda fuska. Murfin da ke kansa ba ado ba ne, cire shi ganganci ne, ɗaura masa faifan zarton katako kuwa neman halaka ne. A ɗaure abin da za a huda ko a yanke da matsewa, kada a riƙe shi da hannu ko a danne da ƙafa. A naɗe hannun riga, a cire zobe da carbi da duk abin da ke lilo, domin abin da ke juyawa ba ya sakin abin da ya kama. A jiƙa dutse da tayil da siminti kafin a yanka, a rufe hanci da kunne. Batir kuma kada a bar shi cikin zafin rana ko a rufaffiyar mota, kada a yi masa caji da abin da ba nasa ba, wanda ya kumbura ko ya tsage a rabu da shi, domin wutarsa in ta tashi tana da wuyar kashewa.

Waɗannan kaya yanzu sun zama ruwan dare a ƙasashenmu, ana sayar da sabo da na hannu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma ƙarancin wuta ya sa masu batir sun ƙara farin jini. Sai dai injin yakan iso mu ba tare da tarihinsa ba, wani lokaci ma ba murfi, ba takardar bayani, kuma dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ba kasafai take isa rumfar mai walda ta bakin titi ba. A nan nauyi ya koma kan maigidan shago, domin yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a amana ne a hannunsa, idonsa da yatsunsa suna cikin wannan amana. Malamanmu sun lissafa tsare rai a cikin manyan manufofi biyar da shari'a ta zo don kiyayewa, sun kuma karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Saboda haka wanda ya cire murfin injin, ya hana yaronsa tabarau, sa'an nan abu ya faru ya ce ƙaddara ce, bai yi wa ƙaddara adalci ba, bai kuma sauke nauyin da ke wuyansa ba.

Kirana ga shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da masu walda da magina shi ne su sa wannan ilmi cikin abin da ake koya wa yaro tun ranar da ya shigo shago, kada kuma a yaye kowa sai an tabbata ya san shi kamar yadda ya san awo da yanka. Kowace ƙa'ida da aka ambata a nan wani ne ya biya kuɗinta da huhunsa ko idonsa ko ransa, mu kuwa mun same ta kyauta. Allah Ya tsare hannuwan masu neman halaliyarsu, Ya sa albarka a cikin sana'arsu, amin.