Mene ne fasahar maltimidiya, kuma daga ina ta samo asali?

Duk wanda ke yawo a Agege ko Sabo ta Ibadan zai ci karo da kalmar maltimidiya a allon shagon masu ɗaukar bidiyon biki. A wajen masana, tana nufin aikin fasaha guda da aka gina da abubuwa daban-daban: hoto, sauti, rubutu, haske da motsi. Mutane da yawa na ɗauka kwamfuta ce ta kawo ta. Gaskiya muhawarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma a Jamus ta fi zafi.

A 1766 wani marubuci Bajamushe, Gotthold Lessing, ya fitar da littafi mai suna Laocoon. Ra'ayinsa shi ne kowace fasaha ta tsaya a gonarta. Zane abu ne na wuri, ido na kama shi lokaci guda. Waƙa kuwa abu ce ta lokaci, sai an bi ta baiti bayan baiti. In aka tilasta wa ɗaya yin aikin ɗaya, duka biyun za su raunana.

A 1849 mai tsara kiɗa Richard Wagner ya zo da akasin haka. Ya ce a wasannin tsohuwar Girka kiɗa da waƙa da rawa tare suke, daga baya aka raba su, don haka a maido su wuri guda. Bai tsaya a magana ba. A 1876 aka buɗe gidan wasansa a garin Bayreuth, inda aka saukar da makaɗa cikin rami ba a ganinsu, aka kuma rage hasken zauren. Manufar ita ce ɗan kallo ya manta da kujerar da yake zaune a kai.

To, me ke faruwa a kan mutum in an haɗa abu biyu? Wajen 1920 wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda, ya biyo ta da kwanon miya, sannan da yarinya a akwatin gawa, sannan da mace a kishingiɗe. Kamar yadda aka ruwaito, 'yan kallo suka ce sun ga yunwa, sun ga baƙin ciki, sun ga sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. Ka ga ke nan ma'anar daga haɗin ta fito.

Da na'urori suka yawaita, sai abin ya faɗaɗa. A baje-kolin duniya na Brussels a 1958, kamfanin Philips ya gina rumfar da ake haska hotuna a bangonta, kiɗan Edgard Varèse na zagaya ta cikin ɗaruruwan lasifika. A 1963 Nam June Paik, ɗan Koriya, ya baje akwatunan talabijin da ya jirkita hotunansu a Wuppertal ta Jamus, kuma ana lissafa shi cikin iyayen fasahar bidiyo.

A nan gida akwai Emeka Ogboh, haifaffen Enugu. Kayan aikinsa hayaniyar Legas ce: kiran kwandastan danfo, odar motoci, cinikin kasuwa. Yana naɗar su, ya tsara, ya kunna a gidajen baje fasaha na Turai da Amurka. Abin da mu ke toshe wa kunne a tasha, shi ya mai da shi sana'a.

Ni a wajena awon mai sauƙi ne, irin na kara. Tarin shanu daban, garke daban: garke na tafiya tare. Ka cire kiɗan daga bidiyo ka gani. In ba a yi asarar komai ba, tari ne kawai, Lessing ya yi gaskiya. In ma'anar ta rushe, to an yi aikin da Wagner ke nufi.

Sai dai ƙarfin nan yana da kaifi biyu, kuma ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da aka ce rikici ya tashi a wata kasuwa, bidiyo kan cika WhatsApp: tsohon hoto, a ɗora masa kuka daga wani wuri, a rubuta sunan garin da muke. Dabarar Kuleshov ce tsaf, ranka ya ɓaci kafin ka yi tunani. Don haka kafin ka tura, ka kashe sautin ka kalli hoton shi kaɗai, sannan ka rufe ido ka saurari sautin shi kaɗai, ka tambayi kanka ko wuri ɗaya aka ɗauke su. In ba ka gamsu ba, ka kira wani ɗan'uwa da ke can.